Likitocin Talakawan Landan da Asibitin Titin Cleveland

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya babban asibiti lokacin damina ya san abin da ake kira cunkoso: wani a gado, wani a tabarma, wani kuma a baranda da ledar ƙarin ruwa rataye a tagar ɗaki. A irin wannan hali nakan ji mutanenmu suna cewa ai a Ingila ba a taɓa ganin haka ba. Shekarun da na yi ina koyar da tarihi sun hana ni yin shiru, domin kuwa an gani, kuma a tsakiyar birnin Landan.

A ƙarni na 19, talakan Ingila da ciwo ya kayar ba shi da wurin zuwa sai gidan gajiyayyu na gundumarsu, wanda dokar matalauta ta 1834 ta tsananta sharuɗɗansa da gangan don kada kowa ya yi sha'awar shiga. Kwamitin da masu biyan harajin gunduma suka zaɓa shi ke riƙe da gidan, babban burinsa kuwa shi ne kada haraji ya ƙaru. Sannu a hankali gidajen nan suka zama asibitoci ba tare da an shirya su don haka ba, saboda tsofaffi da masu tarin fuka da mata masu naƙuda ne suka cika su.

A 1856 aka naɗa Dokta Joseph Rogers likitan irin wannan gida da ke Titin Cleveland, mallakar gundumar Strand. Albashinsa fam 50 a shekara, kuma daga ciki zai sayi duk maganin da zai bai wa majiyyata. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan tsari: kowace kwalbar magani da likita ya bayar, daga bakin iyalinsa ya cire ta. Masu jinya kuwa ba ƙwararru ba ne, tsofaffin mata ne daga cikin gajiyayyun, ana sallamarsu da giya, galibinsu ba su iya karanta rubutun jikin kwalba ba. A farfajiyar gidan, dab da tagogin marasa lafiya, ana kakkaɓe dardumomin masu hali don kwamiti ya sami kuɗin shiga, ƙura na turnuƙe masu ciwon ƙirji. Ya zuwa 1866, mutum 556 ne ke cikin gidan, gadaje kuwa 332.

Kusan shekara goma Rogers yana rubuta ƙorafi shi kaɗai. Ya ɗan samu gyare-gyare nan da can, amma kwamitin da yake kai wa kuka shi ne ke biyansa, shi ne kuma ke iya korarsa. Haka takwarorinsa na sauran gundumomi suke, kowa na haɗiyar tasa a ɓoye.

Abin da ya sauya lamarin mutuwa ce. A watan Disamba na 1864 wani lebura mai suna Timothy Daly ya rasu sakamakon gyambon kwanciya da ya same shi a gidan gajiyayyu na Holborn, jaridu suka ɗauka. A 1865 mujallar likitoci ta Lancet ta tura likitoci uku, Ernest Hart da Francis Anstie da William Carr, suka bi gidajen Landan ɗaya bayan ɗaya. Ba su yi zagi ba. Sun ƙidaya gadaje, sun auna faɗin ɗakuna, sun duba makewayi da abinci, suka buga abin da suka gani. A farkon 1866 aka kafa ƙungiyar neman gyara sassan jinya na gidajen gajiyayyun Landan, Rogers na cikin jagororinta, marubuci Charles Dickens da Florence Nightingale suka mara mata baya. A shekarar dai likitocin talakawan birnin suka kafa tasu ƙungiyar, suka ba Rogers shugabanci. Daga nan maganar ta tashi daga ƙorafin ma'aikaci guda ta koma shaidar masu sana'a, wadda ba a iya kashe ta da takardar kora guda ɗaya.

Buƙatunsu ma a fili suke. A raba marasa lafiya da sauran gajiyayyu, a ɗauki masu jinya da aka horar, a daina sa likita sayen magani. Mafi nauyinsu a ganina ita ce ta kuɗi. Unguwannin gabashin Landan su ne suka fi yawan majiyyata, su ne kuma suka fi ƙarancin masu biyan haraji, alhali unguwannin attajirai na yamma nauyinsu kaɗan ne. Dokar da Gathorne Hardy ya gabatar wa majalisa, aka zartar a 1867, ta kafa asusu guda na birnin baki ɗaya, wanda daga cikinsa ake biyan kuɗin magani da albashin likitoci. Ta kuma kafa hukumar da ta buɗe asibitocin zazzaɓi da agana a Hampstead a 1870, sannan Homerton da Stockwell a 1871.

A nan zan ɗan ratse. A tarukan ƙungiyarmu, da zarar an ambaci asibiti sai a fara lissafin bulo da kwano, domin gini shi ne ake gani a ɗauki hoto. Alhamdu lillahi garin nan ya haifi likitoci da nas-nas da masu haɗa magunguna, amma ban taɓa ganin sun zauna sun rubuta mana a takarda guda cewa gadaje kaza ne, majiyyata kaza ne ke kwana, ma'aikata kaza ne ke aikin dare ba. Ina hedimasta, ban taɓa samun ƙarin aji da kuka ba, sai da rajistar ɗalibai a hannu.

Shi kuwa Rogers, nasarar ba ta cece shi ba. Kwamitin Strand bai yafe masa shaidar da ya bayar a gaban mai binciken gwamnati a 1866 ba. A 1868, shekara guda bayan dokar da ya yi wa fafutika, aka raba shi da aikinsa, hukumar da ke sama kuma ta goyi bayan kwamiti. A shekarar ce ƙungiyar likitocin ta faɗaɗa ta game ƙasar duka. A 1872 ya koma aikin jinyar talakawa a gundumar Westminster, can ma aka dakatar da shi a 1883 saboda ya tona asirin cin zarafin gajiyayyu, sai dai a wannan karo an mayar da shi, masu zaɓe kuma suka kayar da kwamitin. Ya rasu a 1889. Da yawa daga asibitocin da aka gina bayan dokar 1867 sun shiga hannun hukumar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 1948, ginin Titin Cleveland kuwa ya ci gaba da karɓar marasa lafiya har zuwa 2005.