Da'irar koyo ta ƙashin kai a kafofin sada zumunta

Da'irar koyo ta ƙashin kai ita ce tarin mutane, zauruka da shafuka da mutum yake zaɓa da kansa domin ya riƙa ƙaruwa da su a kan sana'arsa ko karatunsa. Ba makaranta ba ce, ba ta da manhaja, jarrabawa ko takardar shaida. Mai koyo ne ke yanke wanda zai bi, wanda zai tambaya da wanda zai daina saurare. A yau ana yawan gina irin wannan da'ira ta kafofin sada zumunta kamar WhatsApp, Facebook, YouTube, Telegram da TikTok. A Arewacin Najeriya ɗalibai, malamai, 'yan kasuwa da manoma duk suna amfani da ita, kuma yankin noman rani na Kura, Bunkure da Madobi a Jihar Kano misali ne na wurin da buƙatarta ta fito fili.

Asali

Koyo daga mutanen da aka zaɓa ya girmi intanet. A ƙasar Hausa almajiri kan bar garinsu ya nemi malamin da ya shahara a wani fanni, ɗan koyo kan zauna a gaban maƙeri ko majemi, manoma kuma kan yi musayar sani a majalisa, a wurin gayya da ranar kasuwa.

A fagen nazarin ilimi, Ivan Illich ya kawo shawara a shekarar 1971 cewa a samar da hanyoyin da za su haɗa mai neman sani da mai shi kai tsaye, ba sai ta makaranta ba. A 1998 Daniel Tobin ya yi rubutu kan yadda ma'aikaci zai tara mutanen da zai riƙa koyo daga gare su. A 2004 George Siemens ya gabatar da ra'ayin cewa a zamanin intanet, sanin inda za a samo ilimi da wanda za a tambaya wani ɓangare ne na ilimin kansa. Stephen Downes na Kanada ya taimaka wajen faɗaɗa wannan ra'ayi.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. An kafa Facebook a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009. Saƙon murya da WhatsApp ya ƙara a 2013 ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su iya karatun boko ba, domin mutum zai iya yin tambaya da baki a amsa masa da baki. A 2016 Facebook ya sanya Hausa cikin harsunan da ake amfani da shi.

Yankin noman rani na Kura, Bunkure da Madobi

Shirin ban ruwa na Kogin Kano yana samun ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. An tsara kashin farko na shirin a kan kadada kusan 22,000 a ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam, yayin da manoman Madobi da ke maƙwabtaka suke noman rani a fadamu da injinan ban ruwa. Ana noma shinkafa, alkama, tumatir, albasa da masara. A Kadawa akwai tashar binciken ban ruwa ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kuma Kwanar Gafan babbar kasuwar tumatir ce.

Noman rani sana'a ce da jinkirin kwana kaɗan kan jawo asara. Alkama tana son sanyin hunturu, don haka wanda ya makara da shuka bayan tsakiyar Disamba yakan ga raguwar amfani. Tumatir ba ya jiran mai saye. Malaman gona na hukumar KNARDA ba su da yawan da za su zagaya kowace gona, saboda haka manomi yakan dogara da maƙwabcinsa, mai shagon maganin feshi ko dillali. Waya ta faɗaɗa wannan da'ira zuwa mutanen da ba su taɓa taka ƙauyensa ba.

Shekarar 2016 ta nuna muhimmancin saurin samun sani. A shekarar ne tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Arewa, farashi ya yi tashin gwauron zabo, masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa ta tsaya saboda ƙarancin kaya. Ƙwaro ne baƙo, asalinsa Kudancin Amurka, kuma yana shiga cikin ganye inda feshin da aka saba ba ya kai masa sosai. Gogewar dattawa ba ta san shi ba. A irin wannan hali, hoton ganye guda da aka tura wa masani yana iya bambanta wanda ya ceci gonarsa da wanda ya yi ta zuba kuɗi a maganin da ba ya aiki.

Yadda ake gina ta

Matakin farko shi ne mutum ya fayyace abin da yake son koya. Wanda ya ce "noma" kawai zai cika wayarsa da saƙonnin da ba su shafe shi ba. Wanda ya ce yana neman sanin renon irin shinkafar FARO 44 kafin dashe, ko lokacin zuba yuriya, ya san wanda zai nema.

Na biyu shi ne haɗa mutane iri daban-daban. Da'ira mai ƙarfi takan ƙunshi masu gogewa a aikace, masana kamar malaman gona da masu bincike na Samaru, 'yan kasuwa masu sanin farashi, da abokan koyo. Idan duk 'yan da'irar ƙauyensu ɗaya kuma ra'ayinsu ɗaya, ba za su kawo sabon abu ba.

Na uku shi ne iya tambaya. Hoto mai haske tare da bayanin irin da aka shuka, kwanakinsa, takin da aka zuba da ranar ban ruwa ta ƙarshe ya fi samun amsa mai amfani a kan cewa "gonata ta lalace".

Na huɗu shi ne bayarwa. Wanda yake komowa ya faɗi sakamakon shawarar da aka ba shi, ko ta yi ko ba ta yi ba, shi ake ci gaba da amsa wa. Na ƙarshe shi ne tankaɗe: fita daga zauren da ya koma talla ko gardamar siyasa.

Aikin kowace kafa

WhatsApp ya fi dacewa da ƙananan zauruka na mutanen da suka san juna, kamar ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, inda ake sanar da ranar sakin ruwa ko yashe magudana. Facebook ya fi tara jama'a daga jihohi daban-daban. YouTube da TikTok suna nuna aikin hannu, kamar gyaran injin ban ruwa. Telegram ya fi sauƙin ajiye littattafai da darussa, shi ya sa ɗalibai ke son sa.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce bayanin da bai dace da wuri ba. Bidiyon noman shinkafa daga Indiya ko Tailan yana iya zama gaskiya a can, amma ƙasa, iri da yanayi sun bambanta da na Kura. Akwai kuma masu tallar jabun iri da magani da ke shiga zaure da sunan ba da shawara, da masu damfara da alƙawarin tallafi ko rance. Shawarar gauraya magungunan feshi ba bisa ƙa'ida ba tana iya ƙona shuka, ta cutar da mai feshin, ta kuma sa ƙwari su saba da maganin. Tun 2018 WhatsApp yana sanya alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, amma alamar ba ta nuna gaskiya ko ƙarya.

Tsadar data, rashin wutar caji da raunin sabis suna hana wasu shiga. Mata, waɗanda ke da hannu sosai a turara shinkafa da sarrafa ta a Kura, ba su kai maza mallakar babbar waya ba. Dogaro da kafa ɗaya ma haɗari ne: gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Saboda haka masu koyar da aikin gona sukan ba da shawarar a gwada duk sabuwar dabara a kwami ɗaya ko biyu kafin a yi ta a gona baki ɗaya, a kuma tabbatar da ita wurin malamin gona ko manomin da ya riga ya gwada a ƙasa irin ta mai tambaya.