Tarihin Digirin Digirgir a Ilimin Zamantakewa

Digirin digirgir, ko digiri na uku, shi ne matakin ƙarshe na karatun jami'a. A ilimin zamantakewa, wanda ake kira soshiyoloji, ana ba da shi ga wanda ya yi bincike na ƙashin kansa a kan yadda mutane ke zaune da juna, ya rubuta kundi, sannan ya kare shi a gaban malamai. Digirin ya girmi fannin. Tsarin ba da shi bisa sabon bincike ya kankama ne a Jamus, musamman bayan buɗe Jami'ar Berlin a 1810, alhali sunan fannin ma sai a ƙarshen shekarun 1830 Bafaranshe Auguste Comte ya laƙaba shi.

Shi ya sa waɗanda ake kira iyayen fannin ba su riƙe digirinsa ba. Karl Marx a falsafa ya yi nasa a 1841, a kan masanan Girka na dauri. Max Weber a fannin shari'a ya yi nasa a Berlin a 1889, inda ya bi tarihin kamfanonin fatauci na tsakiyar zamani. Émile Durkheim ya kare kundinsa a kan rabon aiki tsakanin jama'a a jami'ar Sorbonne da ke Faris a 1893, kuma bisa ƙa'idar Faransa ta lokacin sai da ya haɗa da ƙaramin kundi na biyu da harshen Latin, a kan Montesquieu. Daga cikin ɗalibansa na baya akwai Taha Hussein, makahon marubucin nan na Masar, wanda ya zaɓi ya yi kundinsa a kan tunanin Ibn Khaldun game da zamantakewa. Ke nan littafin Ibn Khaldun, Muƙaddima, na 1377 ya shiga zauren jarrabawar Turawa ta hannun Balarabe. Durkheim bai ga ranar kare kundin ba, domin ya rasu a Nuwamban 1917.

Inda digirin ya samu gidan kansa shi ne Amurka. A 1892 Albion Small ya kafa sashen ilimin zamantakewa a sabuwar Jami'ar Shikago, a 1895 kuma ya fara fitar da mujallar fannin. Garin kansa ya taimaka. Mutanen Shikago ba su wuce dubu 30 ba a 1850, amma kafin 1890 sun haura miliyan ɗaya, akasarinsu baƙi daga Turai da 'ya'yansu, daga baya kuma baƙar fata masu guje wa wariyar kudancin ƙasar suka yi ta kwarara. Robert Park, wanda tsohon ɗan jarida ne, shi da Ernest Burgess suka riƙa tura ɗalibansu cikin lunguna da gidajen haya da mashaya, su zauna da mutane, su saurara, su rubuta. Frederic Thrasher ya bi diddigin gungu 1,313 na samarin unguwa, littafinsa ya fito a 1927. Louis Wirth ya yi nasa a kan unguwar Yahudawa. E. Franklin Frazier ya kammala a 1931 da bincike a kan iyalan baƙar fata na birnin. A wannan zamani ne kundin digirgir ya fita daga ɗakin karatu ya sauka kan titi.

Sai dai tarihin da aka daɗe ana koyarwa ya yi wa mutum guda rowar yabo. W. E. B. Du Bois, baƙar fata na farko da ya samu digirgir a Harvard, a 1895, ya riga 'yan Shikago yin irin wannan aiki. Gida-gida ya bi wata unguwa ta Philadelphia yana tambayar mutane sana'arsu da abin da suke samu da yanayin muhallinsu, ya wallafa sakamakon a 1899. Babu babbar jami'ar fararen fata da ta ba shi kujerar koyarwa, sai ya ci gaba da aikinsa a Jami'ar Atlanta. A Accra ya rasu a 1963.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu alƙaluma suka karɓe ragama. A Jami'ar Columbia, Paul Lazarsfeld, wanda shi kansa a lissafi ya yi digirgir a Vienna, ya koya wa ɗalibai aiki da takardun tambayoyi da ƙididdiga, Robert Merton kuma yana riƙe da ɓangaren ra'i. Daga nan darasin ƙididdiga ya zama dole ga mai neman digirin a yawancin jami'o'in Amurka.

Turai ta yi jinkiri. An kafa kujerar farfesa ta fannin a Landan a 1907, a Frankfurt a 1919, Oxford kuwa sai a 1917 ta amince da digirin digirgir ɗungurungum. Bambancin tsari ya wanzu har yau: a Amurka ɗalibi kan shafe shekara biyu ko uku yana ɗaukar darussa da jarrabawa kafin ya taɓa kundi, a Ingila kuwa kundin ne kusan komai, cikin shekara uku zuwa huɗu.

Labarin Afirka yana da nasa ƙulli. A zamanin mulkin mallaka Turawa sun keɓe soshiyoloji ga al'ummunsu masu masana'antu, nazarin mutanen da suke mulka kuwa suka sa shi ƙarƙashin ilimin al'adun ɗan Adam. Rabon ba shi da wata hujja ta ilimi, tunda aure da gado da sarauta da kasuwa duk abu ɗaya ake nazari, ko a Manchester ko a Kumasi. Amma shi ya sa digirin 'yan Afirka na farko da dama ke ɗauke da wancan suna. Kofi Abrefa Busia ya samu nasa a Oxford a 1947 a kan matsayin sarki a tsarin mulkin Asante, ya koma gida ya koyar da ilimin zamantakewa, daga baya ya zama Firayim Ministan Gana daga 1969 zuwa 1972. Nathaniel Fadipe ya tsallake wannan shinge, domin kai tsaye ya sa wa kundinsa na Jami'ar Landan a 1939 sunan soshiyolojin Yarbawa. Ya rasu a 1944, kundin ya kwanta har 1970 kafin maɗaba'ar Jami'ar Ibadan ta buga shi.

Ƙasar Hausa ta fara shiga wannan tarihi ne a matsayin wurin bincike. M. G. Smith, haifaffen Jamaika, ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 yana tattara bayanan kundinsa na Landan, kuma a wannan zama ne matarsa Mary ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta. Shekara ashirin da biyar bayan haka ɗan ƙasa ya ɗauki alƙalamin. Ibrahim Tahir, wanda daga baya ya zama Talban Bauchi, ya kammala digirgir a Cambridge a 1975 da kundi a kan malamai da sufaye da waliyyai da attajiran Kano daga 1904 zuwa 1974, ya kuma koyar a sashen ilimin zamantakewa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A yau ana yin digirin a gida, a Zariya da Kano da Sakkwato, bayan digiri na biyu, kuma ba a ba da shi sai an gayyato malami daga wata jami'a ya karanta kundin ya yi wa mai shi tambayoyi baki da baki.