Daga Sanyi Zuwa Hayaƙi: Tarihin Fahimtar Daɗaɗɗen Tari a Ƙasar Rano da Kibiya

Gabatarwa

Tun fil azal Bahaushe ya rarrabe cututtukan ƙirji, ya ba kowace sunanta: akwai mura, da fuka, da tarin shiƙa, da kuma tarin fuka. Amma tarin nan mai kaki wanda kan zauna wa dattijo ko tsohuwa shekara da shekaru, ya lafa da bazara, ya taso da hunturu, akan jingina shi ne kawai ga sanyi ko tsufa. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan fahimta a ƙasar Rano da Kibiya, da yadda ilimin likitanci ya sauya ta.

Fahimtar Gargajiya

A tunanin Hausawan da, sanyi kan shiga jiki ya taru a ƙirji, ya zama majina. Tun da haka ne, maganinsa zafi. Akan dafa wa majiyyaci citta da masoro da kanumfari, a haɗa da zuma. In abin ya ƙi, wanzami ya yi masa ƙaho ko ya cire beli. Sannan a toshe kafofin ɗaki, a hura masa wuta ya kwana yana jin ɗumi. A nan gizo ke saƙar, domin wutar da ke korar sanyi ita ke cika ɗaki da hayaƙi.

Sana'o'in yankin ma sun taimaka. Tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba, kuma rini ba ya yiwuwa sai da toka da ƙona katsi. Mata kuwa, da damina sukan yi girki cikin ɗaki da jiƙaƙƙen itace ko kara, da kaka su sha ƙurar sussuka da shiƙa. Daga baya sigari ya yaɗu a ƙauyuka, musamman bayan buɗe masana'antar taba a Zariya a 1959.

Zuwan Ilimin Asibiti

A 1808 ne likitan Ingila Charles Badham ya raɗa wa kumburin hanyoyin iska na huhu suna. A 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka, aka tabbata cewa wannan ciwo daban ne. Hazon hayaƙin da ya lulluɓe Landan a Disambar 1952, ya hallaka dubban mutane, ya jawo hankalin likitoci ga illar hayaƙi. A 1959 masana suka tsayar da ma'anar ciwon: tari mai kaki na aƙalla wata 3 a shekara, shekara 2 a jere.

Bayanin shi ne, hayaƙi kan kumbura hanyoyin iska, ya ƙara yawan majina, ya kashe 'yan siraran gashin da ke share ta. Hunturu da ƙurarsa tayar da ciwon suke yi, ba su suka haife shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020.

Kammalawa

Lura da yanayi da magabata suka yi daidai ne, sai dai sun ɗora laifin inda bai dace ba. Ciwon ba ya warkewa sarai, amma yana sassautawa idan aka bar taba, aka fitar da murhu fili, aka buɗe taga, aka riƙa shaƙar maganin da likita ya bayar. Haka kuma duk tarin da ya kai mako 2 ya wajaba a gwada kakinsa a asibiti, domin kada tarin fuka ya ɓuya a bayan sunan sanyi. Aikin da ke gaban masana harshe shi ne samar wa wannan ciwo tsayayyen suna na Hausa, domin abin da ba shi da suna, da wuya a yi masa kashedi.