Mai Gyaran Tukwane da Littafinsa na Kurkuku

Wanda ya ƙetare kogin Kaduna ya nufi kudu, ya bi ta Unguwar Boro ran Lahadi, zai ji Kirista suna addu'a da waƙoƙi da Hausa, gama tun cikin 1932 aka buga musu Littafi Mai Tsarki dukansa da harshenmu. To, baya ga wannan, akwai wani littafi na ƙagaggen labari wanda Kiristan duniya suka daɗe suna ji da shi, sunansa Pilgrim's Progress, watau tafiyar mai nufin wuri mai tsarki. Ga tarihinsa.

Wanda ya rubuta shi, John Bunyan, an haife shi cikin 1628 a ƙauyen Elstow, kusa da Bedford, a Ingila. Ubansa gyaran tukwane da butoci yake yi, shi ma sana'ar da ya gada ke nan. Karatunsa bai yi nisa ba. Da ya yi aure, 'yar da ya fara samu makauniya ce, daga baya uwar ta rasu ta bar masa 'ya'ya huɗu, ya sake aure.

Cikin 1660, da Sarki Charles na Biyu ya hau gadon sarauta, aka matsa wa masu wa'azi ba da iznin cocin gwamnati ba. Aka kama Bunyan. Alƙalai suka ce in ya yi alkawari ya bar wa'azi a sake shi, ya ƙi. Matarsa kuwa tana da ciki, don firgita ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Shekara 12 ya yi a kurkukun Bedford, yana kitsa igiyar takalma ana sayarwa don iyalinsa su sami abin sawa a baki. Ba abin da ya fi ci masa rai irin tunanin 'yarsa makauniya. A nan ne ya soma littafin. Aka sake shi cikin 1672, aka buga littafin cikin 1678.

Labarin kamar mafarki ne. Wani mutum wai shi Kirista ya tashi daga garin da za a hallaka, da ƙaton kaya a bayansa, watau zunubansa. Ya faɗa cikin taɓo, da ƙyar aka jawo shi. Sai da ya isa gindin gicciye kāna kayan ya kwance ya faɗi. Amma wahala ba ta ƙare ba. A wata kasuwa ta ruɗin duniya aka kama abokin tafiyarsa, aka yi masa shari'ar zalunci aka ƙone shi. Shi kansa wani ƙato ya kulle shi har ya kusa fid da rai, sa'an nan ya tuna yana da mabuɗi a ƙirjinsa, sunan mabuɗin Alkawari. Daga ƙarshe ya ratsa kogin da ba gada, watau mutuwa, ya shiga birnin da ya nufa.

Mai karatu ya lura, kurkukun nan da shari'ar nan ba jin labarinsu Bunyan ya yi ba, jikinsa ne ya gaya masa. Shi ya sa littafin ya shiga zuciyar talakawa, har aka juya shi cikin harsuna fiye da 200. Mutanen ƙasarmu kuwa ba wanda zai koya musu nauyin kaya da nisan hanya. Cikin 1866 aka buga shi da Yarabanci, fassarar David Hinderer na mishan a Ibadan, kuma masana sun ce an ga sawunsa cikin labarin maharbi da D. O. Fagunwa ya fitar cikin 1938.

Bunyan ya rasu a Landan cikin 1688. Ya tafi sulhunta wani uba da ɗansa ne, ruwa ya ba shi kashi a hanya, zazzaɓi ya kama shi.

Ku da kuka fita ajin yaƙi da jahilci, kada ku rena ɗan abin da kuka koya. Mutumin nan bai shiga babbar makaranta ba, ga shi yau fiye da shekara 300 da rasuwarsa ana karanta abin da ya rubuta.