Daga gangar Lunsi zuwa amfilifaya: yadda muke auna sauti a Yendi

Kafin lasifika ya zo Yendi, sauti yana da masu shi. Lunsi, makaɗan Dagwamba, su ke kirarin sarkinsu Ya-Na a ƙofar fada, ganga a hammata, ana jin su har bayan kasuwa ranar bikin Damba. A zangonmu na Hausawa, waɗanda fataucin goron Salaga ya zaunar da kakanninmu a nan, ladan da maƙogwaronsa kawai yake tayar da unguwa.

Rediyo ya fara a Akara a 1935, da tashar ZOY, wadda ke aika magana ta waya zuwa akwatunan gidaje. Mu a arewa, ƙaramin rediyo mai batir ne ya same mu. Da shi iyayenmu suka riƙa jin Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, shekarar da Gana ta sami 'yanci. Ƙarfin rediyon bai wuce wat ɗaya ba, amma yakan cika zaure.

An gama madatsar Akosombo a 1965, sai dai wutarta ta haura shekara 20 kafin ta iso arewa. A tsakanin nan batirin mota mai bolt 12 ne ya riƙe mu. Shi ke ɗaukar amfilifaya ƙirar Ahuja da lasifika mai bakin ƙaho a masallaci da gidan biki. Mu masu gyara a kansa muka koyi sana'a: kowane wat yana da tsada, don gobe sai an kai batir caji.

Da wuta ta wadata, sai kwalayen amfilifaya masu rubutun wat 2,000 suka cika shaguna daga Tamale har Bawku, matasa suna ciniki da lambar. Wannan yana damuna ƙwarai. Lambar PMPO ce, ta talla. Ƙarfin gaskiya shi ne RMS. Kuma in ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara. Sai ka ninka shi sau goma kunne zai ji sauti ya ninku.

Ɗakin zama irin namu, wat 20 zuwa 50 a kowane lasifika sun ishe shi. Ƙasa da haka, in an murɗa har ƙarshe, sauti ya dagule, ƙaramin lasifika ya ƙone. Duk wanda ya shigo shagona, faɗin ɗakinsa nake fara tambaya, da nisan tabarmarsa daga lasifika, sannan mu yi maganar kuɗi.