Mota mai haɗa esansi da lantarki: ko sayenta na da riba?

Motar da ake kira ibrid tana da inji biyu: na esansi da na lantarki. Galibinsu ba a jona su da wuta, batirin kan cika ne daga injin mai da kuma duk lokacin da direba ya taka birki. Toyota Prius, wadda ta fito a Japan a 1997, ita ce ta yi suna a wannan fanni.

Ribarta tana cikin gari, inda ake yawan tsayawa da tashi. Prius kan sha wajen lita 5 a kilomita 100, ƙaramar mota ta esansi zalla kuwa kan kai lita 8 cikin cunkoso. A Nijar, an saukar da farashin litar esansi zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, kusan dala ɗari ke nan. A wannan lissafi, ɗan taksin Yamai da ke cin kilomita 30,000 a shekara zai rage lita 900, wato kusan jaka 450. Ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo gida, kilomita 8,000 a shekara, jaka 120 kawai zai tsira da ita. A doguwar hanya kamar Yamai zuwa Zinder, bambancin yana raguwa sosai, domin injin mai ne ke ɗaukar nauyin tafiyar.

Inda gizo ke saƙar shi ne batiri. Garantin da Toyota ta daɗe tana bayarwa a Amurka kafin motocin samfurin 2020 shekara 8 ne ko kimanin kilomita 160,000, kuma yawancin motocin hannu da ke iso mana ta Lome ko Kwatano sun riga sun wuce nan. Zafi na tsufar da batiri, ƙurar hunturu kuma na toshe fankar da ke sanyaya shi ta wajen kujerar baya. Canjinsa na iya cinye ribar shekaru, ga shi ba kowane bakanike ne ya iya taɓa shi ba.

Ga ɗan taksi da mai yawan zirga-zirga cikin gari, lissafin yana fita, musamman a Najeriya tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mai ƙaramar tafiya, ko wanda ke nesa da garejin da ya san aikin, gara ya tsaya kan Corolla ta esansi. Kafin a biya kuɗi, a sa a gwada batirin da na'ura, a kuma buɗe fankar a duba.