Gubar dalma da rawar kai a wurin yara

Akwai yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya natsuwa a makaranta, abu kaɗan ya fusata. Sau da yawa a kan ce ƙiriniya ce, a ɗauko bulala. Amma likitoci sun gano cewa gubar dalma na cikin abubuwan da ke jawo wannan hali, don tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun tana girma. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ko ƴar kaɗan ce a jini tana da illa, kuma jikin yaro na shan ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba.

Maƙwabtanmu sun ga ɓarnarta. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu, saboda ana dakan duwatsun zinariya masu dalma cikin gidaje. Ƙungiyar MSF, wadda muka sani a asibitin yara na Magariya, ita ta fara lura da mace-macen. Daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008 kuma, yara 18 sun mutu a Thiaroye kusa da Dakar, inda ake fasa tsofaffin batura.

A Yekuwa, abin lura shi ne mataccen batirin sola, na mota ko na babur, da tsohon fenti mai ɓarewa, da kwallin dutse da ake sa wa jarirai. Ƴan uwa na ƙetare, ku ma da ku: a Boston ta Amurka an sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari na kwallin idonsa dalma ce.

Kada a fasa batir a tsakar gida. Mai dawowa daga haƙar zinariya kada ya shigo da dutse ko kayan aiki inda yara ke wasa. A wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci abinci, a ba shi wake, zogale da nono, don yaro mai yunwa ya fi shan gubar.

Ba kowane mai rawar kai ne ke da dalma ba. Awon jini kaɗai ke tabbatarwa. In da ciwon ciki, amai ko jijjiga, a garzaya da shi gidan likita, a faɗa wa ma'aikaci abin da yaron ya taɓa.